Eksitanal ya mace a ƙasar mutane: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kamar an haɗa baki. Kusan duka daga matafiya suka zo, kuma kukan ɗaya ne: eksitanal, wato ɗan akwatin ajiyar fayiloli da ake jonawa da kwamfuta, ya ƙi buɗewa, mai shi yana nesa da gida, nesa da yaron da ya saba yi masa gyara. Masu tambaya kan injin markaɗe da batirin sola su yi haƙuri sai mako mai zuwa. Na taƙaita wasiƙun kamar kullum, sunaye kuma na cire su.

Tambaya: Malam, ina rubuto maka hannuna na rawa. Ni ɗaliba ce a Alƙahira, ina digiri na biyu, saura mako biyar in miƙa kundina. Komai nawa yana cikin eksitanal: babi huɗu, da hirarrakin da na naɗa da tsofaffi a Katsina da Maraɗi, biyu daga cikinsu ma Allah Ya yi musu rasuwa. Shekaranjiya ya zame daga kan tebur yana jone da laftof. Yanzu in na jona shi sai ya riƙa ƙas-ƙas-ƙas, kwamfuta ba ta ganinsa. Na gwada ya fi sau ashirin. Ƙawata ta ce in kai Bustan, kasuwar kwamfuta ta nan Alƙahira, yayana ya ce in aiko da shi Kano, yana da yaro a Beirut Road. Ko barci ba na iya yi.

Amsa: 'Yata, sannu, Allah Ya kawo mafita. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsar, tashi ki zare shi, ki naɗe shi a tsumma mai laushi, ki sa a durowa. Kada ki sake jona shi, ko da na "bari in ƙara gwadawa sau ɗaya" ne. Sau ashirin ɗin da kika ambata ya fi faɗuwar tayar mini da hankali.

Ga dalili. A cikin ɗan akwatin nan akwai faifai, ɗaya ko fiye, da ke juyawa sau 5,400 a minti, wato zagaye 90 a daƙiƙa guda. A samansu akwai wani ɗan hannu mai siririn kai, masu gyara suna ce masa hed, shi ke rubutu shi ke karatu. Ba ya taɓa faifan, shawagi yake a kan iskar da juyawar ke tayarwa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa kaurin silin gashi ya ninka ta sau dubbai. In abin ya faɗi yana tsakiyar aiki, kan nan yakan lanƙwashe ko ya gogi faifan. Ƙarar da kike ji, hannun ne ke fita neman inda zai fara karatu, ya rasa, ya dawo ya bugi mazauninsa. Duk jonawar da kika yi, kin ba lalataccen kan damar kankare fatar faifan, a kan fatar nan kuwa muryoyin tsofaffinki suke. Abin da aka kankare ya zama ƙura, ba injiniyan da zai dawo da shi. Amma in faifan bai ji rauni sosai ba, aikinki yana nan daram. Mai karanta shi ne ya mutu, shi kuwa ana canja shi.

Manhajar dawo da fayil ba ta da amfani a nan, kada wani ya sayar miki. Manhaja sai kwamfuta ta ga eksitanal take aiki, kuma takan sa shi juyi na sa'o'i, abin da muke gudu ke nan.

Kafin ki kashe ko fam ɗaya, zauna ki yi farautar kwafi. Duba saƙonnin imel da kika aika wa malamin da ke duba aikinki, babi nawa ke maƙale a can? Duba WhatsApp, naki da na ƙawayen da kika taɓa tura wa su duba miki rubutu. Duba foldar saukarwa a laftof, da kwandon shara, da OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, don Word takan ajiye abu a can mai shi bai sani ba. Hirarrakin kuma da me kika naɗe su? In waya ce ko rakoda, nemo ta, ko tana Katsina a hannun ƙanenki. In memorinta na nan, a ciro shi a ajiye, kada a sake naɗar komai a kai, domin abin da aka goge daga memori ya fi sauƙin dawowa nesa ba kusa ba.

Maganar Kano kuwa, ki ba yayanki haƙuri. Yaran Beirut Road da Farm Centre akwai gwanaye a canjin sikirin da gyaran caji, ban raina su ba. Amma canjin hed sana'a ce daban. Ana buɗe eksitanal ne a ɗaki ko tebur na musamman mai tace iska, saboda ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta yi ɓarna, sannan a samo wani iri ɗaya sak a ciro kansa a dasa. Wanda zai kwance shi a kan benci, fanka na kaɗawa, ga ƙurar hunturu, garin gyaran gira zai rasa miki ido. Haka ma Bustan: ki je tambaya, amma kada ki miƙa wa shagon farko da ya ce "kawo". Alƙahira babban birni ne, akwai kamfanonin da ba su da wani aiki sai wannan. In kin samu, tambaye su: a nan za ku buɗe ko wani wuri za ku tura? Ina teburin tace iskar, in gani? Kuna da PC-3000? Wannan na'ura ce ta kamfanin ACE Lab, ƙwararru a harkar sun san ta, wanda ya yi miki zuru da jin sunanta ki ɗauki jakarki. Za ku nuna mini jerin fayilolin da kuka ceto kafin in biya? In ba a samu komai ba, nawa zan biya? Duk amsar a rubuta a takarda. Ki gaya musu gaskiya cewa faɗuwa ya yi, kuma kin yi ta jona shi. Kwanson da allon lantarkin cikinsa kada a jefar da ko ɗaya, musamman in WD My Passport ne, don shi yana kulle bayanai da kansa.

Kuɗi za su ciwo. A Turai da Amurka irin wannan aikin yakan tashi daga wajen dala 300 har ya haura 1,000. Ko a ina ne, ki sa rai zai ninka kuɗin sabon eksitanal. Babin da kika rubuta kina iya sake rubutawa, muryar mamaci kuwa ba a sake naɗa, don haka ki ce musu foldar hirarraki za su fara cirowa. Gobe da safe ki je wurin malaminki ki faɗa masa, kada ki bari sai ana saura kwana uku. Sannan ki ci abinci, ki yi barci.

Tambaya: Ina Dubai, nawa ma ƙara yake yi. Na gani a TikTok an ce a sa shi a leda a jefa firiza ya kwana. Wani kuma ya ce a ɗan bubbuga shi a tafin hannu. Wanne ya fi?

Amsa: Babu. Firiza ta kifi ce da ƙanƙara. Ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin danshin Dubai, raɓa za ta kwanta a kan faifan, ka jona, kan ya bi ta kai. Dabarar tsofaffin kwamfutoci ce ta shekarun baya, ko a lokacin ma caca ce. Bubbugawa kuwa, abin da duka ya kashe ne kake so ka tayar da duka? Karanta amsar da ke sama, ka rage kallon TikTok.

Tambaya: Ni ne jagoran ayarin Umara, muna Madina. Hotunan fasfo da biza da tikitin mutanena duk suna cikin eksitanal. Jiya na kai shi shagon buga takardu, da na dawo masauki na jona sai Windows ta ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Ba ya wata ƙara, fitilarsa na ci. In danna fomat ɗin, daga baya a dawo da kayan?

Amsa: Alhaji, Allah Ya karɓi ibada, a sa mu a addu'a. Kada ka danna. Naka da sauƙi in sha Allahu. Alama ta nuna an fizge shi ne a shagon ba tare da an sallame shi daga kwamfuta ba, sai jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ya rikice. Kayan suna nan, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace.

In lallai sai ka taɓa shi a can, fara da canja kebul da ramin USB. Sannan sauke manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna maka lafiyarsa da launi: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa hattara, ja kuwa zare shi ka nemi ƙwararru. In shuɗi ne, shiga kantin Jarir ka sayi wani eksitanal da rasit, ka yi amfani da manhajar ceto fayil, TestDisk ko DMDE, ka kwashe kayan zuwa sabon. Zuwa sabon na ce. Wanda ya zuba abin da ya ceto a kan majinyacin, ya rubuta a kan sauran da bai ceto ba. PhotoRec ma tana aiki, sai dai takan dawo da fayiloli ba sunayensu na asali, ka zauna buɗe fasfo ɗaya bayan ɗaya kana neman na Hajiya wance. In wani ya ce ka gudanar da chkdsk, umarnin Windows na gyaran jadawalin nan, ƙi, sai bayan ka kwashe komai. Manhajar sata da ake fasa wa kulle kuma kada ta hau laftof ɗin da fasfon mutane ke ciki.

Shawarata ta gaskiya dai: tikiti yana cikin imel ɗinka ko na kamfanin da ya yanka, biza ana sake bugawa, fasfo yana hannun masu shi. Tara su bayan Isha'i ka ɗauki hoton kowanne da waya, aikin rabin sa'a ne. Eksitanal ya jira ku dawo gida. Ba ka je Madina don ka kwana gaban laftof ba.

Sauran masu kai eksitanal shagon buga takardu, a gida ko a waje: in kun dawo kun tarar foldoji sun koma masu ɗan kibiya a gindi, ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye su. Kada ku danna masu kibiyar. A wanke cutar, a sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, za ku ga kayanku. Takardar da za a buga kuwa a tura ta imel, ko a sa a ɗan filashin da ba a jin asararsa.

Tambaya: Malam, ina Guangzhou sayen kaya. Na samu SSD (eksitanal marar faifai) mai tera 16 (tera ɗaya giga dubu ne) a yuwan 150, na kwashe duk rasitai da hotunan kaya da bidiyon ɗaurin auren 'yata daga waya da tsohon eksitanal na zuba a ciki, na goge na can don in samu fili. Yanzu sunayen suna nan amma in na buɗe sai a ce fayil ya lalace. Wace manhaja zan sa? Na biyu, ina so in saro guda 200 in kawo Kano, ya kake gani za su shiga?

Amsa: Alhaji, tambayarka ta farko ta ba ni tausayi, ta biyu ta ɓata mini rai. Bari in bi su a jere.

Ba ka sayi SSD ba. Ka sayi kwanso. In ka fasa shi, abin da aka saba tararwa shi ne ɗan memori irin na waya, mai giga 32 ko 64, an manna shi da gam a kan ƙaramin allo, wani lokaci har da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. An yi wa allon dabara yadda in kwamfuta ta tambaye shi girmansa zai ce tera 16. Kwamfuta ba ta da hanyar musu, sai ta yarda. Kana zuba kaya yana karɓa, yana rubuta sunayensu a jadawali, amma da ɗan memorin ya cika, abin da ya biyo baya ko dai ya hau kan na farko ko ya zube a banza. Shi ya sa kake ganin suna da girma da kwanan wata, ciki kuwa fayau. Mudu ne da aka buga wa gindi: baki faɗi, ciki ba zurfi. Babu manhajar da za ta dawo da abin da tun farko ba a ajiye ba, ko ka kai shi Shenzhen wurin waɗanda suka ƙera shi.

Inda sauran fata yake shi ne tsohon eksitanal ɗin da ka goge. Daina amfani da shi yanzu-yanzu, kada ka zuba masa ko hoto ɗaya. In mai faifai ne, gogewa ba ta share kayan nan take, Recuva ko PhotoRec na iya dawo da mafi yawa. Wayar kuwa kada ka sa rai sosai, amma duba foldar abubuwan da aka goge kwanan nan a cikin hotuna. Rasitai, ka bi dilolinka a WeChat su sake turo maka tun kana garin. Bidiyon biki, a tambayi mai ɗaukar hoton da dangin ango. Google Drive ba ya buɗewa a Chaina, kada ka ɓata dare kana fama da shi.

Yanzu guda 200. Ka ɗanɗana da bakinka, bidiyon auren 'yarka ya tafi, sannan kana tambayata ko za su shiga? Za su shiga mana, abin takaicin ke nan. Ɗalibi zai saya ya zuba furojet ɗinsa. Mai ɗaukar hoton biki zai saya ya zuba aikin mutane. Malami zai zuba karatun tafsirin shekara goma. Ba ranar za su gane ba, domin giga 30 na farko lafiya lau za su shiga su fita, a gwada a gabanka a shago, a yi musabaha. Sai bayan wata biyu, lokacin da suka goge na asali kamar yadda ka yi. Jabun takalmi in ya yage an yi asarar kuɗin takalmi. Wannan kuwa yana cinye abin da kuɗi ba sa saya. Ka fi ni sanin abin da addini ya ce a kan algus, kuma "ai ban sani ba" ta ƙare maka daga yau.

Mu masu saye ma muna da namu laifin, kuma a nan nake so masu karatu su buɗe kunne. Mutum zai ƙi sayen shinkafa sai ya buɗe buhu ya damƙa ya shinshina. Zai kwana uku yana taya atamfa yana murza ta a yatsa. Amma a ce masa ga tera 16 a kuɗin da bai kai na cika tankin mota ba, sai ya zaro kuɗi yana murna ya yi wa ɗan Chaina wayo. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Samsung T5 EVO mai tera 8, rabin abin da aka rubuta a kwalinka, ya haura dala 600 lokacin da ya fito a ƙarshen 2023. Eksitanal mai faifai na aljihu kuwa sai a 2024 WD ta kai shi tera 6. To wane mai tausayi ne zai ba ka 16 a yuwan 150, ɗan uwanka ne?

Kada kuma a ce matsalar kasuwarmu ce kaɗai. A 2023 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Steve Gibson, ya sayi filashi masu araha guda 12 a Amazon, masu iƙirarin tera ɗaya da biyu, ya tarar duka jabu ne. Shi ne ya rubuta manhajar ValiDrive, kyauta, tana leƙa sassa daban-daban na filashi ta gaya maka inda ke da ajiya da inda babu. Akwai tsohuwarta, H2testw, ta Jamusawa, wadda ke cika abin taf sannan ta karanta ta gani. Tana cin sa'o'i, amma ba a yi mata ƙarya. Duk abin ajiyar da ka saya, filashi ne, memori ne, SSD ne, gwada shi kafin ka ba shi amanar fayil ɗaya. Mai shagon da ya ce "ba ma gwadawa", kai ma ba ka saye.

Akwai algus na biyu da ya fi wannan wuyar ganewa, kuma ya cika kasuwa: a ciro faifan tsohuwar laftof tokumbo da ya sha aiki, a sa shi a sabon kwanso mai sheƙi, a naɗe a leda, a ce sabo ne dal. Girmansa gaskiya ne, shekarunsa ne ƙarya. CrystalDiskInfo tana nuna sa'o'in da ya yi a kunne, sabon abu bai kamata ya nuna dubbai ba. Ko wannan ma ɓarayin sun koyi gogewa: a farkon 2025 mujallar c't ta Jamus ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar da tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi bayan an mayar da lissafin sa'o'insu sifili. Laifin 'yan damfara ne, ba na kamfanin ba, amma ya nuna maka har Turawa ana yi wa. Saboda haka ɗauki lambar jikinsa ka shigar a shafin garanti na kamfanin, WD ne ko Seagate ko Toshiba. In shafin bai san lambar ba, ko ya ce garanti ya ƙare tuntuni, mayar musu abinsu. Tokumbo ba haramun ba ne in an faɗa, an kuma yi masa kuɗin tokumbo. Ni dai ba zan ba shi ajiyar abin da ba ni da kwafinsa ba.

Kuɗin guda 200 ɗin, Alhaji, saro kebul masu kyau da su. Ana nema, kuma za ka yi barci da daddare.

Tambaya: Na karanta gargaɗinka na baya kan jabu. Na sayi tera ɗaya a Kuala Lumpur, a Low Yat, kwamfuta ta nuna giga 931. An cuce ni ko?

Amsa: Ba a cuce ka ba, ƙanena. Kamfani na ƙirga da dubu-dubu, Windows na ƙirga da 1,024, bambancin ke nan. Mai tera biyu ma 1.81 zai nuna. Ka dai gwada shi da H2testw.

Tambaya: Muna Delhi, na rako maigida asibiti. Eksitanal ɗin da muka zo da shi ya daina tashi, fitila kawai ke ci. Hotunan MRI da sakamakon gwaje-gwajensa na shekara uku suna ciki. Amma akwai hotunan gida, nawa da na 'ya'yana mata, wasu ba mayafi. Tafintanmu ya ce in ba shi ya kai wa wani a Nehru Place, kasuwar kwamfuta ta Delhi. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Zuciyarki ta faɗa miki gaskiya. Wanda zai ceto fayil sai ya ga fayil, kuma kwafi yakan zauna a kwamfutarsa bayan kin tafi. Kada ki ba tafinta ya tafi da shi shi kaɗai. Ba zarginsa nake ba, amma abin da ya bar hannunki ba ki san hannu nawa zai bi ba.

Fara da abu mai araha. Kebul ɗin nan mai faffaɗan baki mai tsaga a tsakiya yana yawan mutuwa, sayi sabo. Jona shi kai tsaye a jikin laftof, ba ta mahaɗar USB mai baki da yawa ba, a ramin da ke da shuɗin harshe in akwai, don ya fi ba da wuta. Kara kunnenki: in kin ji yana juyawa sumul, da sauran magana. In ƙara yake ko ɗan kuka, zare shi.

Takardun asibiti kuwa ba su ɓata ba. Tura ɗanki wurin da aka yi hoton a gida ya nemi a sake ba shi kwafi, ya turo ta intanet. In ta WhatsApp ne ya tura a matsayin takarda, ba hoto ba, don kada a rage masa kyau. Ki tambayi likitan ma wanne yake buƙata, sau da yawa sukan sake nasu gwajin ko da an kawo na gida. In ya zama dole a buɗe eksitanal ɗin, je da ƙafarki kamfani mai ofis da rajista, Stellar na da rassa a Indiya har da Delhi. A rubuta yarjejeniyar sirri, ki faɗi foldar da kike so kaɗai, a kuma rubuta cewa za su goge kwafinsu. Hotunan iyali ba sa gaggawa, eksitanal a kashe a cikin jaka ba abin da zai same shi a wata biyu. Kuɗin da kuka zo da su na magani ne, kada wannan ya ci su.

Tambaya: Zan tafi karatu Turkiyya. SSD zan saya ko mai faifai?

Amsa: Don tafiya, SSD, tunda ba abin da ke juyawa a cikinsa, faɗuwa daga tebur ba ta cika kashe shi ba. Amma kada ka ɗauka ba ya mutuwa. Mai faifai yakan yi gargaɗi da nauyi da ƙara, SSD kuwa rana ɗaya zai yi shiru, kuma ceto daga cikinsa ya fi wuya. A 2023 masu SanDisk Extreme da yawa sun wayi gari kayansu sun ɓace, har aka kai kamfanin Western Digital (WD), mai SanDisk a lokacin, kotu a Amurka, kuma wannan orijina ne mai tsada. Garanti sabon eksitanal zai ba ka, ba fayilolinka ba. Wasu samfuran Seagate suna zuwa da hidimar ceto mai suna Rescue, duba kwalin ka ga ko naka na ciki, ka adana rasit.

In kuɗinka na sayen babba ɗaya ne, sayi matsakaita biyu, kada su kwana a jaka ɗaya. Abin da ke cikin eksitanal kaɗai, ka goge na laftof, ba shi da kwafi, wurin zama kawai ya canja. Rubutun makaranta da hoton fasfo da takardun shaida ba su da nauyi, giga 15 da Google ke bayarwa kyauta ya ishe su. In za ka kulle eksitanal ɗin da BitLocker, makullin fayiloli na Windows, lambobi 48 da zai ba ka rubuta su a takarda ka bar wa mahaifiyarka, don in ka manta kalmar sirrinka, su ma suka ɓace, ba mai buɗe maka.

Tambaya: Na sauka a Jidda na tarar eksitanal ɗina ya mutu. Na'urar binciken kaya ta filin jirgi ce ta goge shi ko? Zan iya neman diyya?

Amsa: Na'urar ba ta goge eksitanal, da ba laftof ɗin da zai tsira a duniya. A ina ka sa shi? In a babban akwati ne, tsakanin kilishi da garin yaji, to leƙa ta tagar jirgi wata rana ka ga yadda ake jifa da akwatuna. Diyya kuwa kada ka wahalar da kanka. Gwada sabon kebul, in yana ƙara zare shi. Nan gaba jakar hannu, wuri ɗaya da fasfo da fawa-bank.